Bayan Mota Ta Yi Haɗari: Abin da Ke Kan Direba, Makiyayi da Mai Kaya

Jawabin da aka gabatar a filinmu na makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka

Barkanmu da warhaka, jama'ar rugage da zanguna, da ku fatake da direbobin da ke kai da kawowa tsakanin Jibiya da Maraɗi, Illela da Birnin Ƙonni, Kongolam da Matamaye, Kamba da Gaya, har zuwa Gamboru da Fotokol. Yau maganarmu a kan abin da ba a fata ne, wato haɗarin mota. Allah ya kiyaye mu. Amma duk wanda rayuwarsa ke bakin kwalta, ko yana tuƙi, ko yana kora dabbobi, ko kayansa ne a bayan mota, ya kamata ya san inda zai sa ƙafa idan abin ya auku. Da yawa daga cikinmu asarar da suke yi bayan haɗari ta fi wadda haɗarin ya jawo, saboda an tashi daga wurin ba a rubuta komai ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce magariba ta kawo jiki a kan hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Garke yana tsallaka kwalta zai koma mashekari. Sai ga mota mai lambar Najeriya ɗauke da buhunan masara na wani ɗan kasuwa. Direba ya taka birki bai ci ba, ya kaɗe shanu uku, ya bangaje yaron da ke kora su ya karye a cinya, motar kuma ta kwanta a gefen hanya, buhuna suka fashe. To, ga mutum uku abin ya shafa: direba, mai shanu, da mai masara. Kana iya zama kowane ɗaya daga cikinsu.

Rai kafin dukiya

Abu na farko, a duba wanda ya ji ciwo. Shanu da masara su jira. Idan a Nijar ne, lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, ta 'yan sanda 17. Idan a Najeriya ne, ka kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, kyauta ce. Inda babu sabis, a tura mai babur zuwa shingen jami'ai mafi kusa. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko a gadon baya, kada a ɗaga shi a naɗe kamar tabarma. A samu allo ko ƙyaure a shimfiɗe shi a miƙe. A sa reshen itace ko duwatsu nesa kaɗan ta gaba da ta baya, don kada wata motar ta zo ta ƙara a kan na farko, sannan a kwashe su idan an gama.

A Najeriya, dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mutumin da ke bukatar taimakon gaggawa. Saboda haka kada tsoron "sai an zo da ɗan sanda" ya sa ka bar mutum yana zubar da jini a bakin hanya.

Idan motar mai ce ta faɗi, ko mai ɗauke da jarkoki, to ka yi nesa, ka kuma janye yara da dabbobi. Ba mu manta da abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 ba, inda mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar fetur daga tankar da ta kife.

Kai direba, kada ka gudu. Na san abin da ke sa ku gudu, tsoron fushin jama'a ne. Idan ka ga ranka yana cikin haɗari, tafi kai tsaye wurin jandarma ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka ce ga ni, ga abin da ya faru. Wanda ya kai kansa daban yake a idon hukuma da wanda aka kamo. Gudu bayan haɗari laifi ne mai zaman kansa a ƙasashen biyu, ko da asalin haɗarin ba laifinka ba ne.

Ku kuma 'yan'uwana makiyaya da mutanen gari, a riƙe sanda. Dukan direba ko ƙona mota ba ya tayar da saniya. Abin da yake yi shi ne ya mayar da mai gaskiya mai laifi: da safe kai ake bin ka da haƙuri, da yamma kai ne a bayan kanta. Motar nan da kake son cinna wa wuta, a cikinta takardar da za a biya ka da ita take.

Kada a kawar da komai sai an rubuta

Bayan an tafi da wanda ya ji rauni, sai aikin shaida. Yau kusan kowane zango akwai mai waya mai ɗaukar hoto. A ɗauki hoton motar yadda ta tsaya, lambarta ta gaba da ta baya, sawun tayar da ta ja a kan kwalta, inda dabbobin suka faɗi, da kayan da suka zube. Idan a daidai burtali ne garken ya tsallaka, a ɗauki hoton alamar burtalin, ko turakun siminti da aka kafa, domin wannan hoton kaɗai yana iya raba gardama. A ɗauki hoton lasisin direba, da takardar mallakar mota, da takardar inshora, wadda a Nijar ake ce wa asiransi. A rubuta sunan mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu, da garinsu, da lambar wayarsu. Fasinja da ɗan kasuwa yau suna nan, gobe suna Agadas.

Daga nan sai hukuma ta zo ta auna. A Nijar, idan a cikin gari ne 'yan sanda ke zuwa, idan a daji ne jandarma, su yi abin da ake kira konsta: su auna, su zana taswirar wurin, su ji ta bakin kowa, su rubuta rahoto. A Najeriya 'yan sandan sashen motoci ne ke yin zanen, jami'in duba lafiyar motoci na VIO kuma ya duba birki da taya da fitila. Wannan rahoton shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Kamfanin inshora da shi yake aiki, alƙali ma da shi yake aiki. Idan ba a yi shi ba, maganarka da ta abokin shari'arka nauyinsu ɗaya.

Kula da wannan sosai. Za a rubuta bayaninka da Faransanci ko da Turanci, sannan a ce ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Kada ka dangwala sai an karanta maka an fassara da harshen da kake ji, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Idan ka ce shanu uku aka kaɗe, ka tabbata uku aka rubuta. Idan ka ce motar ba ta kunna fitila ba, ka ji an karanto shi. Ka kuma nemi lambar rahoton da sunan ofishin da ya yi shi, ka sa a rubuta maka a takarda ka adana. Faɗi abin da ka gani kawai. Direba kada ya yi saurin cewa "ni ne da laifi, zan biya komai" don a bar shi ya tafi, makiyayi kuma kada ya ƙara saniyar da ba a taɓa ba. Ƙarya ɗaya idan aka gano ta, takan ɓata gaskiya goma.

Saniyar da aka kaɗe

Makiyayi na ganin saniyarsa tana shure-shure, hannunsa zai kai ga wuƙa don kada ta zama mushe. Wannan daidai ne, ba wanda zai ce ka bar ta. Sai dai kafin wuƙa, a ɗauki hoto: jikinta gaba ɗaya, raunin, da shaidar da ke jikinta ko a kunnenta wadda ke nuna taka ce. Minti ɗaya ya isa. Idan da hali, a kira malamin dabbobi ya rubuta jinsinta, shekarunta, ko tana da ciki ko tana shayarwa. Ba ɗaya ba ne kuɗin karsana da na tsohuwar saniya, haka na bijimin da aka yi wa kiwo da na maraƙi.

Idan mahauta suka sayi naman, a rubuta nawa suka biya, a gaban shaidu. Kowa ya san farashin naman haɗari a ƙasa yake. Abin da za ka nema shi ne ratar da ke tsakanin kuɗin saniyar da ranta da abin da ka samu a naman. Kuɗinta da rai kuwa, sarkin tike ko dillalan kasuwa mafi kusa su ne za su faɗa, gwargwadon cinikin makon, a rubuta su sa hannu. Wanda ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san farashi na motsawa daga mako zuwa mako, shi ya sa ake son a rubuta da wuri.

Yanzu ga maganar da ba ta da daɗin ji, amma gara ka ji ta a nan. A wurin doka dabba dukiya ce, kuma idan sakacinka ya taimaka wajen haɗarin, ana rage abin da za a biya ka, ko a hana ka gaba ɗaya. Har ma mai mota yana iya juyowa ya nemi kuɗin gyara a wurinka, domin mai dabba shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da dabbarsa ta yi. Garken da aka sake da daddare a kan kwalta, ko aka bar wa ƙaramin yaro shi kaɗai, hujja ce a hannun direba. Ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita a Abuja a 1998 ta ce a tsallaka iyaka da rana, a bi burtalin da aka ware, a riƙe takardar shaidar ƙaura da dabbobi, a samu aƙalla makiyayi ɗaya ga kowane kai 50, kuma garken da zai ƙetare iyaka kada masu kula da shi su gaza biyu. A Nijar, dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Wanda ya tsaya a kan burtalinsa da takardarsa a aljihu, ya fi kowa ƙarfin baki ranar da aka kaɗe masa dabba.

Abin da takardar inshora ke biya

A ƙasashen nan namu duka, doka ta wajabta wa mai mota ya yi inshorar ɓarnar da motarsa za ta yi wa wani. Direbobin Najeriya suna ce mata tad-fati. Ma'anarta, idan motarka ta ji wa wani rauni, ko ta kashe shi, ko ta lalata dukiyarsa, kamfanin ne zai biya a madadinka.

A Najeriya, hukumar kula da kamfanonin inshora ta NAICOM ta sa sabon farashi daga 1 ga Janairu 2023. Ƙaramar motar gida naira 15,000 a shekara, kuma ana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Babbar motar dakon kaya naira 100,000, ana biya har miliyan 5. Babur naira 3,000, ana biya har miliyan 1. Ka ga ke nan shanu ukun nan na misalinmu, akwai inda kuɗinsu zai fito ba tare da direba ya sayar da gonarsa ba. Amma fa sai in takardar ta gaskiya ce. Akwai masu buga ta jabu a bakin tasha da bakin ofishin lasisi, su ba ka da araha. Tana iya wuce ka a shinge, ranar haɗari kuwa takardar ƙunsa ƙosai ta fi ta amfani. Kana iya gwada taka yanzu: danna *565*11# a layin Najeriya, ka sa lambar motar, za a nuna maka ko tana cikin rajista.

A Nijar, Kamaru, Chadi da Benin, doka ɗaya ce ke tafiyar da harkar, wato dokar CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. A ƙarƙashinta, sai ka biya kuɗin asiransi take fara aiki. Wadda wa'adinta ya ƙare jiya, yau babu ita.

To kai mai masara fa? A nan ne 'yan kasuwa da yawa suke shan mamaki. Wannan inshorar ta dole ba ta biyan kayan da ke cikin motar da ta yi haɗarin. Ba ta biyan gyaran motar kanta, ba ta kuma biyan raunin direban da ke tuƙa ta. Haka idan shanu ka loda a tirela daga Maigatari za a kai kudu, tirelar ta faɗi, shanun nan kaya ne a cikin mota, wannan takardar ba ta san da su ba. Kayan da ke kan hanya inshorarsu daban ce, mai kaya ko mai mota ke yin ta. Idan babu ita, abin da ya rage maka shi ne ka bi mai motar, shi ma sai kana da shaidar abin da ka loda. Saboda haka kafin mota ta tashi, a rubuta buhu nawa ne ko kai nawa ne, kuɗinsu nawa, wa ya karɓa, a gaban ɗan kamasho ko shugaban tasha. Ka riƙe rasiɗin sayen kaya da takardar kwastan ko duwan. Kayan da suka bi ta ɓarauniyar hanya, da wuya mai su ya iya tsayawa gaban hukuma ya ce a biya shi.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, a Najeriya akwai kamfanonin takaful masu lasisin NAICOM, waɗanda ke aiki bisa tsarin taimakekeniya na Musulunci, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a hanya.

Motar da ta ƙetare iyaka

Motar misalinmu lambar Najeriya gare ta, haɗarin kuma a ƙasar Nijar ya faru. Wa makiyayin zai bi? Zai tafi Kano ko Legas neman kamfanin da bai san ƙofarsa ba? Don maganin wannan ne ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa katin inshora mai ruwan ƙasa a Kwatano a 1982, wanda ake kira Brown Card a Najeriya, Carte Brune a ƙasashen Faransanci. Kowace ƙasa da ke cikin tsarin tana da ofishinta na ƙasa. Idan baƙuwar mota mai katin ta yi ɓarna, ofishin ƙasar da abin ya faru shi ke karɓar maganar, a biya wanda aka yi wa ɓarna bisa dokar ƙasar da haɗarin ya auku, daga baya ofisoshin biyu su yi lissafi tsakaninsu. Shi ya sa, idan baƙuwar mota ce ta kaɗe ka, hoton katin nan da lambarsa ya fi maka alkawarin direba.

Kai direba, farashin da NAICOM ta sa a 2023 ya haɗa da wannan katin, saboda haka ka nemi a ba ka shi a hannu lokacin da kake sabunta takardunka. Kuma tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, kafin ka tsallaka ka sa kamfaninka ya tabbatar maka a rubuce cewa katin da ke hannunka yana aiki a ƙasar da za ka. Masu shiga Kamaru da Chadi ta Gamboru ko Banki, ku sani can tsarinsu daban ne, nasu katin na ƙasashen Afirka ta Tsakiya sunansa Carte Rose. Katin Yamma ba ya aiki a can, sai ka sayi inshorar da ta dace a bakin iyaka.

Ka sanar da kamfaninka da wuri, kuma a rubuce. A dokar CIMA, wa'adin da ake ba mai mota yana cikin takardar yarjejeniyarsa, kuma ba ya gaza kwana biyar na aiki. Kada ka jira kwana biyar ɗin. A Najeriya ma jinkirin sanarwa yana daga cikin abin da kamfani ke fakewa da shi. Idan an tsare ka a baƙuwar ƙasa, ka aika wa ƙungiyarku ta direbobi, NURTW ko sandikar masu sufuri, da mai motar. Ɗan Nijar da abin ya rutsa da shi a arewacin Najeriya yana da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a Kano, ɗan Najeriya kuma yana da ofishin jakadanci a Yamai.

Yaron da ya karye

Mu koma kan yaron. A dokar CIMA akwai wani sassauci da ya kamata kowane uba ya sani: wanda ba shi ke tuƙi ba, mai tafiya a ƙasa ne ko fasinja, ana biyan sa raunin jikinsa ko da shi ma ya yi kuskure, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Wato ana iya rage kuɗin shanu saboda sakaci, amma ba a hana yaron haƙƙin cinyarsa don an ce bai duba hanya ba.

Sai dai komai da takarda yake tafiya. A ranar farko likita ya rubuta takardar shaidar raunin. A adana kowane rasiɗi, na magani, na hoton ƙashi, na gado. Idan ya warke, likita ya sake rubuta ko raunin ya bar masa naƙasa, da gwargwadonta. Na san da yawanmu mun fi yarda da maɗori, ana ganin karaya sai a ɗauke yaro daga asibiti da dare a kai shi gida. To ka sani, maɗori ba ya ba da takardar da kamfani zai karɓa, kuma karayar da ta huda fata tana bukatar asibiti don kada ta ruɓe. Ko me za ka yi daga baya, bari likita ya fara gani ya rubuta.

Idan rai aka rasa, Allah ya jiƙan musulmi, mukan gaggauta jana'iza, kuma haka addini ya koyar. Amma kafin a ɗauki gawa, a karɓi takardar likita mai nuna rasuwar da sanadinta. Bayan haka za a nemi takardar mutuwa daga magajin gari ko ƙaramar hukuma, da takardar da ke nuna su wane ne magada, da takardun haihuwar 'ya'ya. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba, kotu tana iya ba da madadinta. A tsarin CIMA ba a cinikin diyyar rauni ko ta rai kamar cinikin rago. Akwai ma'auni da ke duba shekarun mutum, girman naƙasar, da abin da yake samu. Wanda ba shi da shaidar abin da yake samu, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake yi masa lissafi. Ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi amma ba ya riƙe rasiɗin haraji ko littafin ciniki, ranar nan daidai yake da wanda ba ya da komai.

Sulhu da yafiya

Mu mutane ne masu son sulhu. Ana yin haɗari, kafin jandarma su iso, dattawa sun zauna a gindin bishiya, ga arɗo, ga mai gari, ga shugaban tasha. Wannan abu ne mai kyau, ya kashe wutar rigingimu da yawa. Idan akuya ce aka take, ko madubi ya fashe, a gama a nan kowa ya kama gabansa. Amma ko shi a rubuta: wa ya biya, wa ya karɓa, nawa, saboda me, shaidu su sa hannu. A rubuta kuɗin da lamba, a kuma faɗi naira ce ko sefa. Kun san mutumin Maraɗi idan ya ce dubu biyu yana iya nufin dala dubu biyu, wato jaka goma, sefa 10,000, alhali Bakatsine ya ji naira 2,000. An sha ɓatawa a kan wannan.

Idan kuwa akwai rauni mai tsanani ko rasa rai, kada a rufe magana a gindin bishiya a ranar. Ciwon da ka gani yau ƙarami, bayan wata biyu yana iya zama gurgunta. Kuma direban da ya yi alkawarin biya daga aljihunsa ba da sanin kamfaninsa ba, kamfanin yana iya cewa babu ruwansa da wannan alkawari. Sannan sulhunku ba ya hana hukuma tuhumar direba idan ta ga ya yi tuƙin ganganci. Wannan tsakaninsa da gwamnati ne.

Sau da yawa za ka ji iyalan mamaci sun ce, "Ƙaddara ce, mun yafe, ba ma cin kuɗin jini." Yafiya tana da lada, ba mai musun haka. Amma a tambayi malamai kafin a furta. Alƙur'ani, a cikin Suratun Nisa'i, ya ambaci diyya a kisan kuskure tare da kaffara a kan wanda ya yi kisan, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere. Diyya halal ce, kuma gado ce ta magada. Baligi yana iya yafe rabonsa. Kawu ko baffa kuwa ba shi da ikon yafe rabon marayu don a ce masa mutumin kirki. Dokar CIMA ma ta ce duk sulhun da ya shafi yaro ƙarami sai an kai shi gaban alƙali ko majalisar dangi sun amince. Ka tuna kuma, idan motar tana da inshora, kuɗin daga kamfani zai fito. Kana iya yafe wa direba a zuciyarka, ku yi musafaha, ka kuma karɓi abin da za a yi wa marayu hidima da shi.

Idan kamfani ya kawo tayi

Haɗa takardunka wuri ɗaya: lambar rahoton hukuma, hotuna, takardun likita, rasiɗai, takardar malamin dabbobi da ta dillalai. Ka ba da kwafi, ka riƙe na asali, kuma duk takardar da ka miƙa a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Idan kamfani ya kawo tayi, kada ka sa hannu a tsaye. Kai shi wurin wanda ya iya karatu ya duba maka. A dokar CIMA, wanda ya sa hannu sannan ya gano ba a bi ma'aunin doka ba, yana da kwana 15 ya warware ta hanyar wasiƙa mai rajista. Kuma bayan shekara 5 daga ranar haɗari, ƙofar kai ƙara a rufe take, saboda haka kada ka ce sai ka dawo daga cin rani na baɗi.

Ka yi hattara da masu zuwa asibiti suna cewa ka ba su takardunka su karɓo maka a raba. Idan kamfani yana ta yi maka jeka-ka-dawo, a Najeriya NAICOM tana da sashen karɓar koke, a Nijar kuma akwai ofishin sa ido kan kamfanonin asiransi a ma'aikatar kuɗi. Marar ƙarfin ɗaukar lauya yana iya zuwa hukumar ba da lauya kyauta ta Legal Aid Council a Najeriya, ko hukumar ANAJJ a Nijar. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN da Miyetti Allah su ma suna da mutanen da suka san ƙofofin ofis, tafiya da ɗayansu ta fi tafiya kai kaɗai.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da daddare, direba ya zaro takardunsa ya duba ranar da za su ƙare. Mai kaya ya sayi ɗan littafi na rubuta lodi. Mai garke ya duba wa yake bar wa shanu idan za su tsallaka kwalta, ya kuma samar masa tocila. Kowa ya adana lambobin nan a wayarsa: 17 da 18 a Nijar, 122 a Najeriya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko tambayoyin da kuka aiko a kan wannan magana. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya albarkaci garke da kasuwa.